Lemun da Baba Ya Bari Cikin Azumi

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan la'asar. Allah ya yafe masa kurakuransa. Kafin rana ta faɗi gida ya cika har zaure, kowa da abin da ya zo da shi a baki. Limamin unguwa ya ce shekara ashirin bai taɓa juyowa bayan sallar asuba ya rasa shi a sahun farko ba. Matan da ke sarin lemu a gonarsa suka zo su shida a keke-napep ɗaya, suka yi kuka na gaske, sannan babbarsu ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ga taurin kai, amma kwandonsa ba ya ƙarya. Abin da ke sama shi ne a ƙasa." Makanikin da ke gyara masa injin ban-ruwa ya ce duk cikin masu kawo masa aiki ba wanda ya kai Baba mita, kuma ba wanda ke tambayarsa ciwon ƙafarsa sai shi.

Maƙwabcinsa na gona, wani dattijo ɗan ƙabilar Tibi, bai shigo ba. Ya zauna a benci a ƙofar gida da hularsa a kan gwiwa, tun da aka fita da gawa har aka dawo. An kai masa ruwa ya sha, an kai masa abinci ya ce a'a. 

Waɗanda suka taho ta hanyar Shabu kuwa sun wuce ta gefen gonar, su ne suka kawo labarin da ya fi yawo a wannan rana. Sun ga lemun Baba ganye ya naɗe, ya yi yaushi, ƙasa ta tsage a gindin kowace bishiya. "Har bishiyoyinsa sun san ya tafi," in ji wata. Maganar ta shiga ɓangaren mata ta zauna. Wata goggo ta ce ikon Allah, wata ta ce ai dama itace yana ji. Ni ina rabon ruwan sha ina jin su. Bishiyoyin ba su san komai ba. Kwana talatin da uku ke nan ba su ga ruwa ba, kuma shi da kansa ya hana su.

Ni matar ɗansa na biyu ce, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a nan Lafia. Shekara tara na yi a gidansa ban taɓa furta sunansa ba, ba kuma a takarda zan fara ba. Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne, yawancin abin da aka faɗa a zaman makoki zai dace da kowane tsohon kirki. Nan da shekara guda abin da zai rage shi ne "mutumin kirki ne". Gaskiya ne, amma bai isa ba. Baba ya fi haka wuyar sha'ani.

Iyayensa daga Kano suka gangaro, shi a nan aka haife shi. Da ƙuruciya fataucin gishiri ya yi, Keana da Awe, a bayan a-kori-kura. Yakan ce wanda ya ɗauki gishiri a buɗaɗɗiyar mota ba sai an koya masa kallon sama ba. Sau ɗaya ruwa ya tare shi a hanyar Awe, ya iso gari da buhuna kamar an yi wanki an matse. Bai sake yarda da hadari ba, bai kuma sake yarda da wanda ya ce masa hadarin ba zai zubar ba. Da ya bar gishiri ya sayi fili a hanyar Shabu ya dasa lemun zaƙi, sai ya tafi da wannan hali gona.

Yana da gwangwanin madara guda biyu, ɗaya a kafe kan sanda a tsakiyar gona, ɗaya a tsakar gida kusa da famfo. In an yi ruwa, kafin ya karya sai ya tsoma yatsa ya ga inda ya kai. Ka ce masa jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya dube ka ya ce, "Gaɓa nawa?" In ba ka sani ba, to ba ka da labari. Abokansa na masallaci har sun sa masa Alhaji Gaɓa-nawa, kuma yana amsawa. Sau ɗaya jikokinsa suka ɗauke gwangwanin gida suka yi wasan girki da shi. Bai yi faɗa ba, amma ya yini yana cewa an sace masa ruwan jiya.

Yadda na shiga harkar gonar ba da niyya ba ne. A shekarata ta biyu a gidan, wata rana ya yini yana ban-ruwa da inji, ya dawo a gajiye, bai gama cire takalmi ba sama ta ɓarke. Ni kuwa tun azahar na kwashe shanyata. Inna, wato surukata, ta tambaye ni yadda aka yi na sani, na ce a waya na gani. Ban san yana ji ba. Washegari da safe yana zaune kan buzunsa a ƙofar turaka da kofin koko, ya ce, "Hajiya, tambayi 'yarki, wayar ta ce me yau?"

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Shi yana ƙofar turaka, Inna tana bakin kicin, ni ina tsaye gindin famfo da jakar makaranta a kafaɗa. Tsakanina da shi bai fi taku biyar ba, amma suruka ba ta yi wa surukinta magana kai tsaye a gidan nan, shi ma ba ya yi mata. Sai in ce, "Inna, yau zafi zai kai talatin da takwas, iska daga gabas, alamar ruwa kashi goma cikin ɗari, gobe ma haka." Inna ta juya ta ce, "Alhaji, ta ce ba ruwa." Shi kuma ya gyaɗa kai kamar daga bakinta ya fara ji. Duk abin da na faɗa ya riga ya shiga kunnensa, har da lambobin da Inna ta zubar a hanya.

Sau ɗaya muka yi faɗa, shi ma ta bakin Inna. Ya yi sabon dashe a ƙarshen rani, ƙananan lemu masu aure guda arba'in. Kwana uku a jere waya tana cewa alamar ruwa kashi saba'in cikin ɗari, kwana uku yana hana a tayar da inji. An yi ruwan kuwa, amma a cikin gari. Gwangwanin gida ya sami gaɓa biyu, na gona ko ɗigo. Rabin dashen ya ƙone. Ya dawo ya zauna, bai ko karɓi ruwan da aka kawo masa ba, ya ce, "Hajiya, gaya wa 'yarki ta mayar wa masu wayar wayarsu. Maƙaryaciya ce."

Raina ya ɓaci, don ni ba ni na yi alkawarin ruwa ba. Na ce, "Inna, a gaya wa Baba saba'in ba ɗari ba ce. Akwai talatin a gefe, ita ce ta faɗo masa."

Inna ta ce, "Alhaji, ta ce a yi haƙuri."

Ya ce, "Ba haka ta ce ba. Ina da kunne."

Wata guda bai tambayi waya ba. Ina wucewa in durƙusa in gaishe shi, ya amsa a taƙaice, in tafi. Maigidana ya ce in ba shi haƙuri, na ce in ba da haƙurin me, ni ce na riƙe hadarin? Sai wata safiya ina ɗaura takalmi na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, talatin ɗin nan da 'yarki ta ce tana gefe, yau nawa ce?" Tun daga nan bai sake tambayar alamar ruwa ba. Abin da ya rage yake tambaya, wato alamar rashinsa. In na ce kashi tamanin, sai ya ce, "To, ashirin na nan," ya sa a ba ƙananan dashe ruwa, manya su jira. Ya kuma daina yanke hukunci daga tsakar gida. Sai ya ji waya, ya je ya duba gwangwanin gona, ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannu. Bai taɓa cewa na yi gaskiya ba. Kwandon farko na wannan shekarar dai gidan mahaifiyata aka kai shi, ba tare da saƙo ba.

Alherinsa haka yake, kullum a ɓoye cikin wata hujja. Wata shekara damina ta yi jinkiri, rijiyar maƙwabcin nan Batibe ta ƙafe, lemunsa na zubar da 'ya'ya. Baba ya tambayi waya, aka ce sai bayan kwana biyar, kuma ba tabbas. Ya ja tiyo ya tsallake shinge, ya ba shi ruwan kwana biyu daga rijiyar burtsatsensa, alhali shi ma ruwan nasa yana ja da baya. Babban ɗansa ya yi ƙorafi ta waya daga Abuja. Baba ya ce, "Kai ba ka san gona ba. In nasa suka mutu, ƙwarin da ke cinsu ina za su koma? Wurina." Maƙwabcin ya ji wannan hujja ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya shi ma yakan tsaya a shinge kowace safiya ya ce, "Alaji, waya ya ce yaya?"

Abin da Baba ya fi alfahari da shi shi ne abin da yake kira azumi. Bishiyar lemu in ta sami ruwa kullum, ganye take yi, fure kuwa jefi-jefi. Amma in ka bar ta da ƙishi na makonni har ganye ya naɗe, sannan ka ba ta ruwa ta ƙoshi a tashi ɗaya, sai gona duka ta yi fure tare. Saboda haka kowace shekara in Janairu ya yi nisa sai ya rufe inji ya ce bishiyoyi sun ɗauki azumi. Ranar da zai sake buɗe ruwa ita ce buɗa-baki. Maƙwabcin yakan ce, "Alaji ya musuluntar da lemu," Baba ya ce ai ku Kirista ma kuna da naku na kwana arba'in, kada ka yi mini baƙin ciki.

Wuyar abin tana wajen zaɓen rana. Rijiyar Baba a tsakiyar rani ba ta iya ɗaukar gonar fiye da mako shida. In ya buɗe da wuri, ruwa zai ƙare kafin damina ta zauna, ƙananan 'ya'ya su zube. In ya makara, rassa su fara mutuwa daga sama. Shi ya sa a wannan lokaci ba hasashen gobe kaɗai yake so ba, har da na masu cewa ga lokacin da damina za ta kama. Sai ya ƙirga mako shida baya da yatsu. Abin da ya fi tsana kuma shi ne rabin ruwa. Na ji shi ya fi sau ɗari yana cewa ko ka ba ta ta ƙoshi, ko ka bar ta da ƙishinta, don ɗan yayyafi yaudararta yake yi ta fitar da furen da ba za ta iya riƙewa ba. A kwanakin azumi, in na gama karatu Inna ta gama taƙaitawa, amsarsa kalma ɗaya ce: "Tukuna."

Ita ce kalmar ƙarshe da na ji daga bakinsa. Ranar Talatar na ce, "Inna, ba ruwa har kwana goma, zafi talatin da tara, damina kuma sun ce sai Afrilu ya yi nisa." Inna ta ce, "Alhaji, ta ce ba ruwa." Ya lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Tukuna." Na tafi makaranta. Ina cikin aji na biyu aka kira ni aka ce ya faɗi a bakin banɗaki, kafin a sami mota ya cika.

Ranar sadakar uku, bayan an watse daga addu'a, maigidana ya shigo ya ce Yaya da Baffa sun tafi gona da jarkar fetur. Yaya shi ne babban ɗan Baba, Baffa kuma ƙanen Baba. Maganar bishiyoyi ta ishe su. Mutane na cewa tun kafin ƙasar kabari ta bushe 'ya'yansa sun bar gonarsa tana mutuwa. Baffa ya ce shayar da itace sadaka ce, ba kuma sadakar da ta fi dacewa da mamacin nan kamar a shayar da abin da ya dasa. Niyyarsu su jiƙa gonar na awa biyu su dawo kafin azahar.

Na ce masa wannan shi ne rabin ruwan da Baba ya tsana, kuma in an fara yau rijiya ba za ta kai damina ba. Ya ce ya sani, ko dai ya yarda na sani, amma ba zai iya ja da Yaya a makon nan ba. Na shiga wurin Inna. Tana zaune a tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, shekara takwas ina isar da saƙonku, wallahi ban taɓa gane ko ɗaya ba. Ni ba zan fita ba, kin sani. In magana ce, ki je ki faɗa da bakinki."

Na hau acaɓa. Kunya ce in faɗa, amma ranar ce farkon zuwana gonar. Na san zafinta da iskarta da ruwanta na shekara takwas, ban san ƙofarta ba, sai da mai acaɓa ya tambaya.

Na same su a gindin ɗakin inji, murya ta fara tashi. Inji ya ƙi tashi, makaniki ya duba ya ce an cire filogi. Maƙwabcin yana tsaye a bayan shinge da hannu a aljihu, bai ma yi ƙoƙarin musu ba. "Ni ne na cire," in ji shi. "Abeg, Alaji ƙarami, itace bai mutu ba. Yana azumi. Ka ba shi ruwa yau, ka kashe aikin babanka." Yaya ya ce shi bai san an fara gadon gona tun ubansu bai yi bakwai ba, har baƙo na shiga ɗakin inji. Na ga fuskar dattijon ta canja. Mutumin da ya zauna a benci da hula a gwiwa ne ake ce wa baƙo.

Na durƙusa na gaishe da Baffa, na gaishe da Yaya. Na ce, "Baffa, a gafarce ni. Ranar da Baba zai rasu na karanta masa waya, ya ce tukuna. Da kunnena na ji." Na yi musu bayanin mako shida, da rijiya, da rabin ruwa. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban mazan gidan ba.

Yaya ya ce, "Tukuna har yaushe?"

Na ce ban sani ba. Baba bai faɗa ba.

"To in suka mutu fa?"

Baffa ne ya raba. Ya ce shi ya san yayansa, in ya ce tukuna ko Sarki bai isa ya sa shi ya ce yanzu ba, kuma tunda yarinyar nan ce ta ji, a bar mata. Ya karɓi filogin daga hannun maƙwabcin ya miƙo mini. Yaya ya ɗauki jarkarsa, ya ce, "Shi ke nan, Malama. Gona tana wuyanki." Bai faɗa da fushi ba, kuma da ya faɗa da fushi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar kowace safiya sai na biya gona kafin makaranta. In duba waya, in duba ganye, in tona ƙasa kamar yadda na ji yana yi. Maƙwabcin ya nuna mini yadda ake gane ganyen da ya naɗe don zafin rana da wanda ya kwana a naɗe. In na gama sai in tsaya kamar mai jiran wani ya yi magana. Ba wanda zai ce komai, sai in ce wa kaina tukuna in hau acaɓa.

A rana ta huɗu maƙwabcin ya kira ni zuwa layin sama, inda ƙasar take da tsakuwa. Bishiyoyi goma sha biyu ne a nan, manya, masu kaurin gindi, su ne Baba ya fara dasawa. Sun fara zubar da ganye. Ya ce, "Madam, wannan layi Alaji yana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Da bokiti. Ni na gani."

Ban yarda ba. Shekara takwas ina jin Baba yana zagin rabin ruwa, yanzu a ce mini yana yawo da bokiti? Na ɗauka tausayi ne ya kama dattijon kamar yadda ya kama kowa. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Da kalmar nan na tsayar da Yaya a gaban mutane. In aka gan ni da bokiti bayan kwana huɗu, me zan ce? Girman kai ne, ba wani suna gare shi ba. Na ce, "Baba ya ce tukuna." Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya koma gonarsa.

Na buɗe ruwa a kwana na arba'in da huɗu na azumin. Ganye ya kwana a naɗe a gona duka, hasashen damina bai motsa ba, na ƙirga mako shida da yatsu ya faɗa daidai. Makaniki ya mayar da filogi, inji ya yini yana aiki, muka bi bishiya-bishiya har kowace ta ƙoshi. Ƙasa ta riƙa shan ruwa tana ƙara kamar ana zuba shi a sabuwar tukunya.

Ranar addu'ar arba'in gonar ta yi fari fat. Ƙamshi har bakin titi, ƙudan zuma sun hana mutum tsayawa wuri ɗaya. Matan sari sun zo sun zagaya suna ta salati, suka ce ba su taɓa ganin fure haka ba, ko da yake sun faɗi hakan a wasu shekarun ma. Layin sama ne kawai bai shiga ba. Biyar sun farfaɗo da ƙyar, da 'yan ganye a ƙasa-ƙasa. Bakwai sun tafi, na karya reshe na ji ya yi ƙas.

Na tambayi maƙwabcin dalilin da Baba bai taɓa faɗin zancen bokiti a gida ba. Ya ce, "Me zai faɗa? Ya ce tsoho da mara lafiya ba ya azumi. Ya ce haka ne a littafin ku." Sannan ya ƙara da cewa, "Wannan ƙasa dutse ne a ƙasa. Ba ya riƙe ruwa. Waya bai san wannan ba."

Yaya ya zo arba'in ɗin. Ya zagaya gonar shi kaɗai, ya daɗe tsaye a layin sama, ya dafa gindin ɗaya daga cikin matattun. A nan aka ce yakan zauna yana yaro in Baba na aiki. Da ya dawo ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Har yau ban san wanne yake nufi ba, furen ko bakwai ɗin. Damina ta sauka kwana uku kafin rijiyar ta gaza, 'ya'yan suka kama. Mutane suna cewa na ceci gonar Baba. In sun faɗa nakan ce Allah ne, don ita ce amsar da ba ta jawo wata tambaya.

Ina kewarsa, in faɗa a fili. Ba mu taɓa zama mun yi hira ba, amma ban san wani mutum da ya saurare ni kowace safiya da dukan hankalinsa kamar shi ba. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya shayar da shi ya ƙoshi, ya haɗa shi da iyayensa cikin rahama.

Da na dawo daga gona a ranar arba'in ɗin na shiga wurin Inna na gaya mata komai, har da bokitin, har da abin da na ce wa maƙwabcin. Ban rage ba. Ta ci gaba da jan carbi. Sannan ta ce akwai abin da take ta juyawa a ranta ko ta faɗa ko ta bari.

"Ranar nan, bayan kin fita, ya gama kokonsa ya ce, Hajiya, gaya wa 'yarki ranar Asabar ta sa takalmin da ba ta so, zan kai ta gona. Ya ce kin san sama, saura ƙasa, kuma akwai wasu tsofaffi a layin sama da yake so ki gani. Na ce to, in ta dawo."

Ta ajiye carbin a kan tabarma.

"Duk shekarun nan ina rage muku magana, amma ban taɓa riƙe saƙo ba. Wannan kaɗai ne ban isar ba."

Na ce, "Ya iso, Inna."